Ƙarfen da Na Tsoma a Ruwa

Sun sare darbejiyar nan ta tsohon garejinmu. Ban ga saran ba, labari aka kawo mini, na ce ƙarya ne, na ɗauki sandata na tare ɗan kabu-kabu ya kai ni. Da muka isa ya tsaya, na ce masa ya ƙara gaba, ya ce, "Baba, nan na hwa kac ce." Nan ɗin ne kuwa. An jera shaguna, wani na sayar da waya, wani na aski, kiɗa na tashi kamar ana biki. Na tambayi mai askin ina guntun ƙarfen dogon jirgin ƙasa da ke binne a gindin bishiyar, ya ce 'yan gwangwan sun haƙe shi tuni sun ɗora a sikeli. A kan ƙarfen nan na ƙarar da ƙuruciyata ina dukan sifirin motoci. Na tsaya ina kallon simintin da aka malala har ɗan kabu-kabun ya gaji ya fara danna oda. In faɗi gaskiya, ba bishiyar ce ta dame ni ba. A gindinta aka taɓa yi mini wata tambaya a kan motar yayana, na yi ƙarya, kuma yanzu ko wurin da zan nuna in ce a nan ne babu.

A lokacin da nake magana, Birnin Kebbi na ƙarƙashin jihar Sakkwato, kuma garin bai wuce ka zagaye shi da ƙafa kafin azahar ba. Inda aka cika da gidajen Gesse yanzu gonakin gero ne, Gwadangaji kuwa ƙauye ne da ake cewa za a je, ba unguwar da keke mai ƙafa uku ke kai ka kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai ba. Da kunne muke sanin lokaci. In ka ji daka ya kankama a gidaje ka san hantsi ya yi, in ka ji jakunan masu itace sun shigo ka san rana ta take. Mota kuwa ba ta da yawa, kowace da muryarta, tun tana bayan gari za a ce ga ta wane nan tafe. Yau motoci sun fi kaji yawa, duk muryarsu ɗaya, ba wanda ke ɗaga kai.

Ni ɗan maƙera ne. Ƙarar masaba a kan uwar maƙera da numfashin zuga-zugi su na fara ji a duniya. Babanmu lauje yake yi da fartanya da gatari, kuma in kaka ta gabato manoman fadama har layi suke yi a zaurenmu saboda laujen yankan shinkafa. Abin da na fi so ina yaro shi ne ƙarshen aiki, sa'ad da zai ɗauko ƙarfe jajur da awartaki ya tsoma shi a kaskon ruwa, ka ji cuuu, tururi ya tashi. Yakan dube ni ya ce, "In ba ka ba shi ruwa ba, ba shi da baki, ko haki ba shi yankewa." Wannan na riƙe, na ɗauka shi ke nan sirrin ƙira. Da na fara tasawa sai raina ya fita daga maƙera. Na ga direbobi da agogo a hannu, na ga bakanikai da baƙin mai a riga 'yan mata na yi musu dariya, na ce ni ba zan ƙare a lauje ba. Baba bai hana ni ba. Ya dai ce na yi saurin tashi, ban tambaye shi abin da yake nufi ba.

Wurin Oga Lasisi na koma. Bayarabe ne da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, gajere, mai faɗin ƙirji, kullum da guntun alli a bayan kunne. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa waya. Sana'arsa ɗaya ce, ƙafar bayan mota. Duk wanda ya sayi akori-kura a ƙasar nan, kafin ya ɗora mata ko buhu ɗaya sai ya kawo ta gindin darbejiya. Waɗanda suka ƙera motar sun yi ta ne don ɗan kaya daidai wa daida, mu kuwa mutanenmu ba su san wannan ba. Za a loda shinkafa har ta wuce kan direba, a ɗora kwandunan banda, a ɗaure akuya, sannan mutane su hau bisa. In ba a ƙara mata ƙarfi ba, sai ka ga gindinta na jan ƙasa, hancinta na kallon sama.

Sifirin akori-kura fallayen ƙarfe ne da aka jera ɗaya bisa ɗaya, kowane ya fi na ƙasansa tsawo. Mafi tsawo, wanda ke da ido a kowane ƙarshe inda ake ɗaure shi a jikin mota, shi muke kira uwa. In ɗan ƙaramin falle ya karye, mota za ta lallaɓa ta kai gida. In uwa ta karye, ƙafar baya ta rabu da mota ke nan. Aikinmu shi ne mu kwance su, mu ƙara fallaye biyu ko uku, mu mayar wa tsofaffin lanƙwasarsu. Oga zai zana baka da alli a kan allon katako, ya ce sai kowane falle ya kwanta a kan zanen nan. Sai a ɗora falle a kan ƙarfen dogo, wanda ya ce daga Ƙauran Namoda ya ɗauko shi, a yi ta dukansa da babbar guduma, ɗan taƙi bayan ɗan taƙi, da sanyinsa. Falle ɗaya yakan ci wuni. Da yamma hannunka ba ya iya riƙe loma. Dokarsa ɗaya ce, kuma ni ya fi maimaita wa saboda ya san gidanmu: "Ɗan Maƙera, kak ka kai man wuta kusa ga sifirin. Wuta taku ta, can gida. Nan guduma ɗai." Bai taɓa faɗa mini dalili ba. Manyan lokacin ba sa ba da dalili, kai ma ba ka isa ka tambaya ba. Ni kuwa a zuciyata na yanke cewa tsoron wuta yake yi don bai gaje ta ba. Ina dukan ƙarfe ina raina mutumin da ke koya mini.

Na yi shekaru a hannunsa har na zama babban na gareji, na yi aure, gemu ya fito. A nan ne yayana Garba ya sayi mota. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne babba. Ya daɗe yana jan motar wani, ya sayar da shanun nomansa ya haɗa da abin da ya tara ya samo wata akori-kura ta hannu, fara, wadda ta sha wuya har bayanta ya zauna. Garba mutum ne mai dariya da ƙarfi, mai son a san shi, kuma ban san dalili ba, tun muna yara yake ganin babu kamata. In na gyara tayar keke sai ya zagaye unguwa yana ba da labari. Ranar da ya kawo motar, Oga Lasisi ba ya gari, ya tafi ƙasarsu jana'izar mahaifiyarsa ya bar mini garejin.

Na ce, "Yaya, mu dakanta Oga shi dawo."

Ya ce, "Shinkahwa ba ta jiran Oga. An hwara yanka Argungu, in ban shiga yanzu ba sai baɗi. Kuma ni ba ni kai motata ga wani, ga ƙanena zamne. Kai ka yi man ita."

Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na tuɓe riga na shiga aiki kamar wanda za a naɗa wa sarauta. Na sa mai walda ya tayar mata da bodin ƙarfe har ya wuce rufin direba, muka jera katako a gefe, muka yi mata matakala a baya inda fasinja zai taka, da ƙugiyoyi na ɗaure igiya da tamfol, da kariya a bisa kan direba. Na yanko tsohuwar taya na rataya a bayan ƙafafu saboda caɓi. Na canza mata shokazoba. Sannan na kwance sifirin, na ƙara fallaye uku kowane gefe, na zana bakan alli irin na Oga, har na ɗan ƙara masa tsayi don motar yayana ta fi ta kowa tashi. Duk fallayen suka bi guduma, sai uwar gefen hagu. Ta riga ta miƙe sarai, kuma ta ƙi. Kwana biyu ina dukanta, in ɗora a kan alli in ga kamar ban taɓa ta ba. Garba na zuwa safe da yamma yana leƙe, yana cewa an ce wane ya riga ya yi sawu biyu.

Rana ta uku Juma'a ce. Na san Baba zai tafi masallaci da wuri, daga can ya wuce gaisuwar wani abokinsa. Ana saukowa na naɗe uwar sifirin a buhu, na saɓa a kafaɗa na nufi gida. Na hura wutar maƙera da gawayin ƙirya, na cusa ƙarfen wajen idon gaba inda ya fi taurin kai, na yi ta zuga har ya yi ja. Abin da ya gagare ni kwana biyu, bugu uku ya lanƙwasa, lumui, kamar ba shi ba. Na yi dariya ni kaɗai, na ce dubi wahalar da Bayaraben nan ya yi ta ba mu a banza. Sai hannuna ya yi abin da ya gani tun yana ƙarami. Na ɗauki ƙarfen na tsoma shi a kaskon ruwa. Na ji cuuu ɗin nan da nake so, tururi ya rufe mini fuska. A ganina na ba shi baki, na ba shi ƙarfin da Oga ba zai taɓa iya ba shi ba.

Da na koma gareji na yi abin da muke yi wa kowane falle kafin a haɗa, na rataye shi da igiya na ƙwanƙwasa da sifana. Lafiyayyen sifirin muryarsa mai kauri ce, tana daɗewa tana kaɗawa. Wannan ya yi wata 'yar siririyar ƙara, ƙil, ta yanke nan take. Kunnena ya san wannan ba daidai ba ne, ko da kaina bai san dalili ba. Na sake bugawa, haka. Na tsaya da ƙarfen a hannu, na duba hanya na hango Garba tafe da rake a baki yana ɗago mini hannu. Sai na shafe shi da baƙin mai na jera shi a kan 'yan uwansa na ɗaure.

Motar ta tashi tsaye gwanin sha'awa, bayanta a ɗage kamar zakaran da zai yi cara. Garba ya zagaye ta ya fi sau goma. Ya tafi ya ɗauko mai fenti, bai gaya mini abin da za a rubuta ba. A lokacin kowace mota da rubutunta a ƙofar baya, wani ya sa addu'a, wani ya sa kirarin kansa, wani ya sa habaici ga maƙiya. Da mai fenti ya matsa gefe, sai na ga jan rubutu ɓaro-ɓaro a kan farin allo: AIKIN ƘANENA. Mutanen gareji suka yi ta shewa suna dukan bayana. Na yi murmushi, amma ƙarar nan ta ƙil tana cikin kunnena.

Washegari da hantsi, ana shirin fita sawun farko, sai ga Oga Lasisi ya sauka daga motar Sakkwato da jakarsa. Ko gida bai je ba. Bayan an yi masa ta'aziyya ya ga taro a kan mota, ya zo ya dafa bodin ya jijjiga, ya ce walda ta yi. Ya durƙusa ya leƙa gefen dama, ya gyaɗa kai. Ya zagayo hagu, ya sa babban yatsa ya goge man da na shafa, ya daɗe yana shafa ƙarfen. Falle da aka daka da sanyi duk jikinsa sawun guduma ne, ana jinsa a hannu. Wajen idon nan kuwa sumul yake.

Ya ɗago bai tashi ba, ya ce, "Ɗan Maƙera, ina sawun guduma ga wanga?"

Na ce, "Na goge shi da magagari, Oga."

Ya dube ni, ya dubi rubutun ƙofar baya, ya sake dubana. Ya rage murya yadda ba kowa zai ji ba, ya ce, "Ka sa mai wuta?"

Garba na tsaye a bayana, hannunsa a kafaɗata. Direbobi sun kewaye mu, mai shayi ma ya baro teburinsa. Kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya. Da na ce e, da an kwance falle ɗaya, a nemo wani, Garba ya rasa kwana biyu, a yi mini dariya na mako guda a manta. Abin da zan yi asara ke nan, ba ƙari. Na ce, "A'a, Oga."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ce, "To. Allah shi tsare." Garba ya ta da mota ya fita yana danna oda har ya sha kwana.

Sawun farko ya dawo lafiya, buhunan shinkafa shanshera, wadda ba a cashe ba, har sama, ya tsaya a bakin gareji yana ihu a zo a ga yadda bayanta ko gezau bai yi ba. Na biyu ma haka. Kullum in ya fita sai in kasa kunne, in na ji muryar motar daga wajen Gwadangaji sai in saki numfashi. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin magana, ita ma ta matsorata. Na ce, "Yaya, ka riƙa rage lodi kaɗan, sabon aiki na son lallaɓa." Ya kwashe da dariya ya ce, "Kai ka yi aikin, kai ka tsoro nai?" Da aka yi sawu na uku lafiya, sai na fara gaya wa kaina cewa kunnena ne ya yi ƙarya, har na fara tunanin ranar da zan nuna wa Oga cewa wuta ta fi guduma.

Rana ta huɗu, bayan la'asar, wani mai babur ya shigo gareji a guje bai ko kashe inji ba. Ya ce motar Garba ta kife bayan Ambursa, a kan hanyar dawowa daga Argungu. Akwai wata kwalbati a wurin da ƙasa ta ɗan zaizaye a bakinta, kowace mota takan yi tsalle kaɗan in ta hau. Manoma biyu da ke bisa kaya sun ce sun ji ƙara kamar an fasa kwalba, sai gindin motar ya juya gefe da kansa, ta bar hanya ta wuntsila. Su Allah ya jefa su cikin rairayi, ɗaya ya karye a hannu, ɗaya ya ƙuje. Garba kuwa ƙofa ta buɗe ya faɗo, buhuna suka bi shi suka danne masa baya. Kafin in isa an riga an wuce da shi asibiti. Na tarar da shinkafa a warwatse a kan hanya, matan ƙauye na tattara wa masu ita a ƙwarya. Na shiga ƙarƙashin motar kamar mai duba yadda za a ja ta. Uwar hagu ta katse daidai inda na tsoma a ruwa. Bakin karayar fari fat, yana ƙyalli kamar gishiri. Na kwance guntun mai idon na cusa a aljihu.

Daga nan aka kai shi Sakkwato, ya yi watanni, aka dawo mana da shi a kwance. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Gari duka ya yanke hukunci, kowa na cewa lodi ne ya yi yawa, wasu su ce hanya ce, a ƙare da cewa ƙaddara ce. Ba wanda ya ambaci sunana sai da tausayi. Da aka jawo motar gindin darbejiya, Oga Lasisi ya leƙa ya ga ragowar karayar. Ya jira har kowa ya watse, ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce, "Na tambaye ka." Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai kore ni ba, bai faɗa wa kowa ba, amma daga ranar bai sake kirana Ɗan Maƙera ba, kuma bai sake cin abinci kwano ɗaya da ni ba har ya tsufa ya koma ƙasarsu.

Dalilin kuwa ban san shi ba sai bayan wata da watanni, ina zaune a maƙera ba don komai ba sai don na kasa zama kusa da Garba. Baba na ƙera gatari. Ya tsoma shi a ruwa kamar kullum, sai na ga ya sake ɗora shi a kan garwashi, can gefe, yana juyawa a hankali yana kallon launinsa har ya koma kamar wuyan tattabara. Sau dubu ya yi haka a gabana ina yaro, amma ni da na ji cuuu sai in ruga wasa. Na ce, "Baba, don mi kaka maishe shi ga wuta?" Ya ce, "Ruwa tauri ɗai shika ba shi. In ba ka maishe shi ya huce a hankali ba, ranar da yag gamu da icce mai ƙarhi hwashewa shikai awa kwalba." Na tashi na fita. Na baro maƙera da rabin sani, na raina mai cikakken sani a gareji, na haɗa rabi da raini na ɗaura a ƙarƙashin yayana.

Garba ya yi shekaru a kan tabarma a zaurenmu. An sayar da motar ga masu kwance kaya, amma ya ce a ciro masa ƙofar baya. Aka jingina ta a bango, ita ce ta zama abin jinginarsa, jan rubutun na leƙowa ta saman kansa. Mutumin da ke cika tasha da dariya ya koma saƙar igiya da kallon masu wucewa. Matarsa ta yi haƙurin da ba zan iya kwatanta shi ba. Ni nake ɗaga shi, ni nake yi masa wanka ranar Juma'a, ni na ɗauki abincin gidansa, mutane suna ta sa mini albarka suna cewa ba a taɓa ganin ƙane irina ba. Kowace albarka kamar ana zuba mini barkono a ido take. In baƙo ya zo ya tambayi rubutun, sai Garba ya bugi allon da bayan hannu ya ce, "Wanga aiki bai ba ni kunya ba. Ni na kashe motata da haɗama." Sau nawa na shiga zauren da niyyar in faɗa masa? Ban san adadi ba. In na buɗe baki sai in tambaye shi ko yana son fura.

Yanzu ba a dukan sifirin. In ya kwanta a cire a jefar, a sayo wani a shago cikin leda, yaron da zai ɗaura ko ƙwanƙwasa shi ba ya yi, in ma ya ƙwanƙwasa bai san abin da zai saurara ba. Da ina yi musu faɗa. Na daina, don wane ne ni? Ni na ji muryar ƙarfe sarai, ta gaya mini gaskiya, na shafe ta da baƙin mai. Baba ya rasu bai sani ba. Oga Lasisi, wanda ya sani, na ji labarin rasuwarsa daga bakin wani mai sayar da taya. Guntun ƙarfen yana nan a ƙasan akwatina, ya yi tsatsa ko'ina, 'yan gwangwan sun sha zuwa ƙofar gida suna kiran a fito da tsohon ƙarfe, ina jinsu, ban taɓa fito da shi ba.

Ciwon ajalin Garba bai daɗe ba. Ranar da zai cika, da la'asar, ya sa aka fitar da kowa daga zauren ya ce a bar masa ni. Na zauna a gabansa, na ce wa raina yau ce, in ban faɗa yanzu ba babu sauran wata rana. Na ce, "Yaya." Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya kamo yatsuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Ya ce, "Bari in riga ka, numfashina ba shi da yawa. Abu guda ya daɗe shina cina. Ka yi man aiki da ba a taɓa yi ma kowa ba garin ga. Kuma ka ce man in rage lodi, da bakinka, na yi maka dariya. Na ɓata maka aiki, na ɓata maka suna, na bar ka da ɗawainiyata da ta ɗiyana shekara da shekaru. Don Allah, ƙanena, ka yahe man."

Na dubi jan rubutun da ke bisa kansa, duk ya koɗe. Yana kallona yana jira, idonsa cike da hawaye, kamar wanda ya yi babban laifi. Kalmar tana bakina, irin wadda ta tsaya mini a gindin darbejiya. Na ce, "Na yahe maka, Yaya."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, ya saki hannuna. Kafin magariba ya cika, hankalinsa kwance.